Gwaggo Sidikatu da Kazar Malomo

Gwaggo Sidikatu yayar mahaifina ce. A ɗakinsu Baba Lamidi ne babba, sai ita, sai mahaifina. Duk unguwarmu ta gindin dutsen Asabari a garin Shaki ba mai kiran sunanta, Iya Mai Ƙwai ake ce mata a gaban idonta. In ta ba da baya kuwa sai ka ji wani ya ce ga likitar gindin kaji nan ta wuce, a yi dariya. Masu dariyar nan su ne za ka gani da safe a bakin ƙofarta da kaza a hammata, sun lulluɓe ta da zane kamar kayan sata.

Tana da shekara goma sha tara ta auri wani direban motar doya, ta bi shi Ibadan. Ta haifi huɗu, ba wanda ya kai yaye. Da mijin ya rasu ba ta dawo nan da nan ba, sai ta kama aiki a wata gonar kaji a bayan gari, tana tsintar ƙwai da wankin mazubin ruwa. Shekara tara ta yi a can cikin kaji dubu uku. Ta taɓa gaya mini cewa abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kajin da ake jefarwa kowace safiya don bayansu ya fito, alhali da sauran ransu. Ta roƙi mai gonar ya riƙa bar mata su. Da su ta koyi aikin, ta kashe da yawa kafin hannunta ya faɗa.

Ta dawo gida tana da arba'in da biyar, da katifa ɗaya, da tukunya, da kaji goma sha ɗaya cikin kwanduna biyu a kan rufin mota. Aka ba ta ɗakin mahaifinsu, na kusurwa, wanda bayansa ke kallon lungu. A wurinmu akwai sunan da ake kiran macen da ta dawo gidan ubanta ta zauna. Ba zan rubuta shi ba, na dai ji an kira ta da shi fiye da sau ɗaya.

Kaza in ta yi ƙiba, ko ta fara ƙwai tun ba ta ƙosa ba, wata rana garin yunƙurin babban ƙwai sai naman ciki ya biyo shi waje, ya tsaya a gindinta jajir kamar tumatir. Kafin dawowar Gwaggo maganinsa ɗaya ne a unguwarmu, wuƙa. Ita kuwa sai ta ɗumama ruwa da ɗan gishiri, ta zaunar da gindin kazar a ciki, ta wanke kashi da ƙasa a hankali, ta rage gashin wurin da almakashi. Ta shafa zuma ta jira kumburin ya saɓe. Sannan ta lakato man kaɗanya da ƙaramin yatsanta, wanda kullum farcensa a yanke yake, ta mayar da naman ciki ta riƙe har sai ta ji kazar ta daina yunƙuri. Daga nan sai a kife ta da kwando a rufe da baƙin zane, kwana biyar ko shida, ba abinci sai ɗan tsaki da ruwa da dakakkiyar katantanwa. Duhu da ƙarancin abinci su ke tsayar da ƙwai, in ji ta, kuma in kaza ba ta huta da ƙwai ba abin sai ya sake fitowa. Ba ta yi wa kowa ƙarya. In ta ga naman ya yi baƙi ko ya huje, da bakinta take cewa a je a yanka tun ba ta zama mushe ba.

Abu biyu take hanawa. Kada a bar kazar cikin 'yan'uwanta, don kaji in sun ga ja ba sa haƙuri sai sun caccake shi. Kuma kada a sa manja. To, mu da manja sai Allah. Yaro ya sha kananzir, manja. Tari, manja da gishiri. Ƙuna, harbin kunama, maruru, farfaɗiya, duk manja. Baba Lamidi, wanda shi ne babban gidanmu, yana da kwalba guda a bayan ƙofarsa da ba a miya da ita, ta magani ce kawai.

Kuma don wannan aikin ne ko a bikin gida ba a barin Gwaggo ta tuƙa amala. Wanke-wanke ake tura ta. Matar da ke wanke hannunta da sabulu sau goma a wuni, ita ce mai ƙazanta a gidan da na sha ganin an fyace majina an koma kan kwaɓin ƙosai.

Kudiratu matar ɗan Baba Lamidi ce. Mijinta yana aiki a Legas, sai Sallah yake zuwa. Ta binne 'ya'ya uku, duk ba wanda ya cika shekara. Da ta haifi na huɗu aka raɗa masa Malomo, roƙo ne ake yi masa kada ya sake tafiya. Malamin da aka gani ya ce a samo kaza a yi kiwonta da sunan yaron, ba a sayarwa, ba a yankawa, ta zauna a gidan shi ma ya zauna. Da an bar wa mata zaɓi da 'yar kazar gida za a samo, mai tone-tone a bola ta rayu shekara bakwai. Amma uban yaro ya ce ɗansa ya fi ƙarfin haka, ya aiko da sagarar gidan gona, ja, ƙatuwa.

Kudiratu ta ɗauki son duniya ta ɗora wa kazar nan. Ba na ganin laifinta a nan. Duk abin da ta ci sai kaza ta ci: ƙosai, ragowar amala da miyarta, kan kifi, gyaɗa. Wata shida kaza ta zama kamar agwagwa, in tana tafiya sai ta riƙa rangaji. Wata safiya ina wankin wake a tsakar gida Gwaggo ta ɗaga ta, ta latsa cikinta, ta ce, "Iya Malomo, ki rage wa kazar nan abinci. Kitse ya toshe ta. Ranar da za ta yi babban ƙwai bayanta zai fito." Kudiratu ta rusuna ta ce to. Bayan mako biyu Gwaggo ta sake faɗa, a gaban matan gida huɗu. Ta sake cewa to, ta ci gaba da abin da take yi.

Abin ya faru ranar kasuwar Sango. Gwaggo ta fita da ƙwanta bayan asuba. Malomo ya tashi da zazzaɓi, jikinsa kamar garwashi. Da hantsi kuma kaza ta yi ƙwai mai gwaiduwa biyu, bayanta ya fito. Kudiratu ta ga yaro a kwance, ta ga kaza haka, ta zube a ƙasa tana kuka. Mamata ta ce a kife kazar a aika ɗan acaɓa ya ɗauko Gwaggo. Baba Lamidi ya fito daga falonsa ya ce shi da ya yi kiwon kaji tun Sidi tana zanen goyo ba zai aika kiran mace daga kasuwa a kan gindin kaza ba. Ya ɗauko kwalbarsa, ya tuttula manja a wurin, ya danna da babban yatsa, ya sake ta a tsakar gida wai ta sha iska.

Ko taku goma ba ta yi ba naman ya sake fitowa, yanzu ja a kan ja, yana ƙyalli. Kajin gidan kaf suka bi ta. Kafin Mamata ta kore su ta kife ta da daro, jini na ɗiga. Da aka ɗaga daron can anjima, kiyashi sun bi ƙamshin man sun yanyame wurin.

Duk wannan a gaban idon mutum bakwai aka yi shi. Na faɗi adadin ne don abin da ya biyo baya.

Gwaggo ta dawo bayan azahar. Ko sauke tiren ƙwai ba ta yi ba Kudiratu ta tare ta a tsakar gida, da yaro a baya. Matar gida ba ta yi wa 'yar gida magana a tsaye, don haka a durƙushe ta faɗi abin da ta faɗa, gwiwa biyu a ƙasa, hannu a ƙirji, ta kira ta yadda matan gida ke kiran 'yan'uwan miji mata.

"Iya mijina, me na yi miki? Sau biyu kika faɗa da bakinki, ga shi ya faru. Naki huɗu sun tafi, nawa uku sun tafi. Don Allah ki bar mini wannan ɗayan."

Na jira wani cikin mutum bakwai ɗin ya ce ai manja ne, ai sakinta aka yi cikin kaji. Ba wanda ya ce uffan. Gwaggo ta juya ta dubi yayanta. Shi kuwa da ya fi kowa sanin abin da hannunsa ya yi, da sauran jan mai a yatsansa, sai ya gyara zaman hularsa ya ce shi bai ce komai ba, amma magana ta fita, kuma kowa ya ji lokacin da Sidi ta yi wa kazar baki. In kazar nan ta mutu ba shi da bakin kare ta a wurin dangin Kudiratu, gara ta nemi wani wurin zama kafin abin ya yi muni.

Ɗakin ubanta ke nan aka rataya a ƙafar kazar da wani ya ɓata.

Mamata ta ja Gwaggo gefe ta ce kada ta kuskura ta taɓa kazar, in ta mutu a hannunta shi ke nan an gama da ita. Gwaggo ta ce in ta ƙyale ta ta mutu za a ce ita ce, in ta taɓa ta mutu za a ce ita ce, to gara ta taɓa, ko banza kazar ba ta yi mata laifin komai ba. Ta dawo tsakar gida ta gindaya sharaɗinta. Komai za ta yi a fili za ta yi shi, da rana, kowa na gani. Kwandon kuma a falon Baba Lamidi za a kife shi, kada gobe wani ya ce ta shiga da kaza ɗaki ta yi mata raɗa. Sannan a kai yaro asibitin unguwa yanzun nan, kaza ita za ta duba, amma yaro ba kaza ba ne. Mamata ce ta raka Kudiratu. Aka gwada jini aka ce zazzaɓin sauro ne, aka ba da magani.

Sai da Gwaggo ta canza ruwa sau uku kafin manjan ya fita. Tana wankewa tana cire kiyashi ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga kai ba ta ce wa yayan nata, "Boda Lamidi, miya kuka so yi da ita ne? Saura tattasai da albasa." Wata cikin matan ta yi dariya ta haɗiye. Sara biyu ta samu a naman, amma bai huje ba. Ta shafa zuma, ta jira, ta mayar. Ya sake fitowa. Ta sake mayarwa ta riƙe. A karo na uku ya zauna.

Kowace safiya da la'asar ana fito da kwandon tsakar gida ta duba, ta sa tsaki cikin tafin hannu ɗaya, ta canza ruwa, a mayar. Matan gida na zagaye da ita suna kallon bakinta ko zai motsa. Ko bisimilla da ƙarfi take yi don kada a ce wani abu ta karanta.

Rana ta uku aka ɗaga zane, sai ga ƙwai, ga naman ya sake fitowa. Wata ta ce inna lillahi, abin ba na Allah da Annabi ba ne. Gwaggo ta sa hannu ƙarƙashin kwandon ta shafo ƙasa, ta buɗe tafinta. Ɓarɓashin ƙosai ne da ƙashin kifi. Kudiratu ta fashe da kuka ta ce ba ta iya jure ganin an bar kazar ɗanta da yunwa ba, shi ya sa take shiga tana ba ta. A falon Baba Lamidi, wanda ba a shiga sai da izininsa. Shi kuma a lokacin sai ya tuna yana da alwala da zai sabunta.

Na ɗauka Gwaggo za ta wanke ta tas, ni kaina bakina ƙaiƙayi yake yi. Sai ta ce mata a hankali, "Iya Malomo, ni ma na san hanyar maƙabarta. Na san abin da ke cin ki. Amma ƙosan nan shi zai kashe ta, ba ni ba." Ta ɗora ruwa ta sake aikin daga farko. Wannan karon ta ɗaure bakin zanen da igiya ta yi ƙullin da ita kaɗai ta san yadda ta yi shi.

Malomo ya warke a kwana na huɗu, ya tashi yana rarrafe yana jan zanen uwarsa. Kazar kuma kwana shida bayan wannan aka buɗe ta. Ta fito tana ƙifta ido, ta rame, ta yi kashi lafiya lau, gindinta a rufe. Gwaggo ta ce a ci gaba da ba ta tsaki da dusa kawai, a bar ta ta yi tono kamar sauran kaji. Har yau tana nan.

Ranar Lahadin ƙarshen wata aka yi taron gida kamar yadda aka saba. Na zauna kusa da Mamata ina jiran abin da duk mai hankali zai jira. Baba Lamidi ya yi addu'a mai tsawo, ya gode wa Allah da ya tsare yaro ya tsare kaza. Ya ce ba don manjan da ya yi saurin sawa ba da ba a samu abin da za a yi wa magani ba, na gargajiya ba ya ƙarya. Ya ce Sidi ma ta yi ƙoƙari, tana iya ci gaba da zama a ɗakinta, magana ta mutu.

Tana iya ci gaba da zama. A ɗakin da aka haife ta.

Daga bayan mata wata tsohuwar matar gida ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, ai wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Biyu ko uku suka ce uhm. A nan na gane ba wata hanyar da aka bar wa Gwaggo tun farko. Mutuwar kazar shaida ce a kanta, rayuwarta ma shaida ce. Baba Lamidi ya ji maganar sarai, ya shiga ɓare goro. Kudiratu ta sunkuyar da kai. Na ɗaga hannu kamar ina aji, Mamata ta take mini ƙafa.

Gwaggo ta rusuna yadda ƙanwa ke yi ta ce abu ɗaya take nema. Maganar da aka faɗa a tsakar gida a janye ta a tsakar gida, kuma a faɗi wanda ya saki kazar cikin kaji. Baba Lamidi ya ce haba Sidi, ke ba yarinya ba ce, babba juji ne, wanda ya tsananta bincike shi ke raba zumunci. Ta ce to. Ta tashi ta shiga ɗakinta tun ba a shafa fatiha ba.

Ranar Laraba sai ga magini da bulo da buhun siminti biyu. Kafin azahar ya fasa bangon bayan ɗakin, mai kallon lungu, ya kafa ƙofa. Da la'asar ya fara toshe tsohuwar ƙofar mai kallon tsakar gida. Baba Lamidi ya fito yana faɗa, wai wa ya ba ta izinin taɓa ginin ubansu. Bulon ya kai mata ƙirji lokacin, daga ciki ta leƙo ta amsa masa.

"Boda, zama kuka ce na yi, kuma ga ni a zaune. Ba ku ce ta ina zan riƙa shiga ba."

Magini ya ɗora sauran. Akurkinta ma ta kwashe ta mayar lungun, ta kewaye da kara.

Yanzu duk ɗan gidanmu da ke son ganin Gwaggo Sidikatu sai ya fita ta babbar ƙofa, ya bi ta gaban shagon mai niƙa, ya tsallake kwata, ya yi sallama kamar baƙo. Taku arba'in da biyu ne, na ƙirga. Kudiratu ta yi su bayan wata biyu. Ta durƙusa a bakin kwatar, inda masu wucewa ke gani, ta faɗi abin da ya kamata a faɗa a taron gida. Gwaggo ta ɗaga ta, ta karɓi Malomo ta goya. Amma ƙofar ba ta sake buɗewa ba, ta ce ba Kudiratu ce ta sa aka toshe ta ba.

Baba Lamidi shekara uku ke nan bai yi takun nan ba. Ƙwai biyun da yake ci da koko kowace safiya kuwa daga lungun suke fitowa. Aike yake yi, yana cewa kada a gaya mata na wane ne. Ta sani.